A Jira Ruwan Ya Wuce

Ba zan ɓata lokaci a kan yadda na baro gida ba. An yi kuka, an yi addu'a, an cusa mini ƙuli-ƙuli da yaji a jaka kamar za ni ƙasar da ba a girki. Abin da ya kamata a sani kaɗan ne. Sunana Saude, 'yar Mawashi ta ƙasar Kusada. Na yi sakandare a Kankiya, na iya ɗinki, na kuma shekara biyu a ɗaka ina yi wa zannuwan maƙwabta kalmasa ana sallamata da "Allah ya yi albarka".

Sai Gwaggo Hajara ta kira waya. Ƙanwar babana ce, aure ya kai ta Kamaru tun ina goye, can kudu da Gaundare, a wani gari da sai da na yi wata biyu a cikinsa kafin na iya faɗin sunansa daidai. Shagonta ya samu aikin kayan 'yan makaranta, tana neman tela ɗaya mai kekensa.

"In kin iso ran Asabar, kujerar taki ce," in ji ta. "In Asabar ta wuce, akwai wata yarinya nan maƙwabta da ke ta yi mini zarya. Ba zan riƙe aikin mutane saboda ke ɗiyar wana ce ba."

Haka Gwaggo take. Mutanen gidanmu sun ce a wurinta na gaji baki.

Keken na Innata ne, Allah ya jiƙanta. Baƙin ƙarfe irin na da, mai nauyin tsiya. Na kwance kan daga ƙafafunsa, tunda Gwaggo ta ce tana da ƙafa, na naɗe shi da bargo na ɗaure da igiya. Ban yarda an sa shi a but ba, ban yarda an ɗora shi bisa mota ba. A cinyata ya yi tafiyar nan tun daga Kusada, har na daina jin ƙafafuna nawa ne.

A tashar Yola na haɗu da mutum biyun da labarin nan ba ya tafiya sai da su. Ta farko Dada Asta, wata tsohuwar Bafulatana siririya da ta zo ganin jikoki za ta koma gida. Hausarta irin ta can ce, kowa "kai" ne a bakinta, mace ko namiji. Na biyu Malam Garba, dattijo mai jar hula, yana kai busasshen tattasai Kamaru. Ina buɗe baki na tambayi mai mota, "Mi kuke jira ne, ba mu tahiya?" sai ya juyo.

"La'ilaha illallahu! Bakatsiniya! Allah ya kashe ya ba ni, na samu baiwa mai riƙe mini buta."

"Kai ɗan ina ne, Baba?"

"Haɗeja, gidan iyayen gijinki."

"Shi ya sa tun ɗazu nake jin ƙarnin kifi," na ce.

Ya yi dariya har hular ta karkace. Daga nan aka ƙulla. Duk inda mota ta tsaya sai ya sayo wani abu ya miƙo mini, wai kada a ce ya bar baiwarsa da yunwa.

Ran Alhamis muka isa kan iyaka. Wani ma'aikaci ya leƙo ta taga, ya gan ni rungume da bargo, ya ce da 'yar Hausarsa, "Jariri ne?"

"Ya girme ka," na ce.

Dada ta mintsine ni a cinya, mintsinin da sai da ya yi kwana uku. "Kai yarinya, rufe bakinka, nan ba ƙasarku ba ne!"

Aka sauko da ni, aka sa na kwance igiyar a bainar jama'a. Mutumin ya tsaya yana kallon keken. Ya sa yatsa ya juya 'yar tayar da ke gefensa, allura ta yi sama ta yi ƙasa. Sai ya ce uwarsa ma irinsa gare ta, da shi ta yi masa wandon makaranta. Da kansa ya taya ni ɗaurewa. Na koma mota ina jin kunya kaɗan, amma ban nuna ba.

A Garwa sai da muka taka daga wata tasha zuwa wata, cikin rana mai narka mutum. Ina rungume da keken a ƙirji, ina tafiya ina tsayawa, hannuwana kamar za su cire.

"Ɗora a kanka mana," in ji Dada.

"Na bar wannan."

"Ka bar kanka a gida?"

Na faɗa mata gaskiya. Tun ina 'yar shekara bakwai nake ɗebo ruwa a ka, kullum kafin in tafi makaranta, har tsakiyar kaina ya ƙi gashi. Ranar da na rubuta jarrabawar ƙarshe na yi wa kaina alkawari gammo ba zai sake hawa kaina ba. Ni ba 'yar talla ba ce, na ce mata, ni tela ce mai takarda.

Dada ta dube ni sama da ƙasa, ta gyara ƙullin kayanta a ka, ta wuce gaba abinta.

Gaundare kuwa, da muka isa ran Juma'a, sanyi da ruwan sama muka iske. Ko'ina kore, ko'ina jar laka, magana duk Fulatanci da Faransanci. Aka kawo mana wani rogo dogo naɗe cikin ganye, mai tsami. Na gutsura sau ɗaya na ajiye. Na ciro ƙuli-ƙulin nan da na raina, na buɗe ƙullin yajin, sai ƙamshin daddawar gidanmu ya buge ni. Na tuna lokacin tumu ne a gida. Yanzu haka ƙannena sun karyo gero ɗanye daga gonar Baba suna gasawa a bakin murhu, suna faɗa a kan wa ya fi samun babba. Na juya wa mutane baya na cinye ƙuli-ƙulina.

A nan ne na yi wautar da ta kai mu ga gadar.

Babbar motar da ke bin sabuwar hanya ta cika, sai ta Lahadi. Ni kuwa Asabar aka ce mini. Ina tsaye ina huci sai ga wani ɗan kamasho da Hausa tas a bakinsa, wai kakansa ma Bakatsine ne, wai ni 'yar'uwarsa ce ta jini. Yana da mota gobe da sassafe, kai tsaye, kwalta har ƙofar gari, kafin la'asar ina gaban Gwaggona. Ya rantse da abin da zai kashe shi.

"Motar nan tsohuwar hanya za ta bi," in ji Dada. "Akwai gada."

"Mu ma akwai gada a garinmu," na ce. "Ni dai na shiga."

Sai ta ce ba za ta bar ni ni kaɗai ba. Malam Garba ya ce in baiwa ta ɓata asarar ubangijinta ce, shi ma ya sa aka loda buhunansa. Da safe muka ga motar. Wata tsohuwar bas ce da aka ɗaure ƙofarta da waya. Ɗan'uwana na jini kuwa ko ƙurarsa ba mu sake gani ba.

Kwalta ta raka mu kamar awa guda ta ce ga garinku nan. Daga nan sai rami da laka da daji mai duhu, itatuwa dogaye har sun haɗe ta sama. Wajen azahar muka iske jerin motoci a wata kwana. Direba ya kashe mota ya yi magana da Faransanci, kowa ya fara tattara kayansa.

"Mi ya faru kuma?" na tambaya.

"Gada ce a gaba," in ji Malam Garba. "Ta tsufa, ba ta ɗaukar mota da mutane. Kowa zai sauka, a sauke kaya, mota ta haye ita kaɗai, mu bi ta da ƙafa."

Raina ya ɓaci. Ga lokaci na tafiya, ga mutane na sauke kaya ɗai-ɗai kamar masu kwashe amarya. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"To a bi ta ƙasa mana! Dole sai ta bisa?"

Malam Garba ya juyo a hankali. "Ta ƙasa?"

"Awo. A gangara ta cikin rairayi a haye."

"Akwai ruwa, Bakatsiniya."

"To a jira ruwan ya wuce. Awa nawa zai yi?"

Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa. Duk kadarkon da na sani a rayuwata haka yake. In ya karye, 'yan kabu-kabu su gangara ta cikin rafi su haye, ko ƙafa ba ta jiƙa. In damina ce aka yi ruwa mai ƙarfi rafi ya kawo, sai a zauna a bakin gaɓa a ci gyaɗa, kafin la'asar ya janye a tattare zane a wuce. Ruwa baƙo ne a wurinmu, zuwa yake ya tafi.

Malam Garba ya zauna daɓas bisa buhun tattasai yana riƙe da ciki. Wani ya juya maganata da Fulatanci, aka fashe da dariya. Wani ya juya ta da Faransanci, dariyar ta bi jerin motoci har inda ba na gani. Wata mata mai goyo ta zo musamman ta leƙa fuskata.

"Tun kafin a haifi kakan kakanki yake wucewa," in ji Malam Garba yana share hawaye. "Zauna ki jira, ga inuwa."

Na sunkuci kekena na yi gaba a fusace. Na sha kwanar.

Ban san ruwa yana yin yawa haka ba. Na gani a littafi, na gani a waya, amma littafi ba ya ƙara. Wannan ƙara yake, wani irin gurnani da ake ji a ƙirji kafin kunne. Ja ne kamar kunun kanwa, yana murɗawa yana tafasa. Mutanen da ke wancan gefen sai da na ƙanƙance ido na gane mutane ne. Ina tsaye wata bishiya sukutum, da saiwoyinta da ganyenta, ta zo ta wuce ƙarƙashin gadar kamar tsinke.

Gadar kuwa ta ƙarfe ce tun ta zamanin Turawa, faɗin mota ɗaya. Da can an yi mata kwalta, amma ta ɓarɓashe ta zube, aka riƙa toshe ramukan da katako da faifan ƙarfe, wani da ƙusa, wani an aza shi kawai. Ƙarafan gefe sun yi tsatsa ja wur. A tsakiya, ta hannun dama, babu ƙarfen gefen ma sam. Dada ta ce motar gungume ce ta tafi da shi. An ɗaura igiya a wurin, an rataya mata jajayen tsummoki, kamar tsumma zai tare mutum.

Wani jandarma, ɗan sandan can, ya busa usur, motarmu ta hau ba kowa a ciki sai direba, ƙofarsa a buɗe, ƙafarsa ɗaya a waje. Katakai suka riƙa ɗagawa suna faɗuwa a bayanta, ƙwaram, ƙwaram. Ta haye. Sai 'yan dako suka bi da kaya a baro. Ɗaya ya zo zai karɓi kekena, har na fara sassauta hannu, sai na ga tayar wani baro ta maƙale tsakanin katakai can gaba. Jarkar manja ta gangaro, ta bi ta ƙarƙashin igiyar nan mai tsummoki, ta tafi. Ban ji faɗuwarta ba. Na ƙanƙame kekena na ce masa ya gode.

Mutane suka fara hayewa, tsofaffi, masu goyo, har da wani mai jan akuya. Na ce a raina, in akuya za ta iya, ni ma zan iya. Na yi bismillah na hau.

Wanda ya rungumi kaya a ƙirji dole ya leƙa ta gefe ya ga inda zai sa ƙafa. Na leƙa. Tsakanin katako da katako akwai tazarar da ƙafata za ta shige har gwiwa, a ƙasa kuma ruwan nan ne yake gudu. Ina kallonsa sai na ga kamar shi ne a tsaye, gadar ce take gudu da ni. Na ƙara taku uku. Gadar tana rawa, wata 'yar rawa mai laushi da ba ta tsayawa. Na durƙushe a wurin, na kifa goshi bisa bargon, na rufe ido.

Ni Saude, mai bakin da ya gagari Mawashi.

Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Na ji mutane suna raɓa ni suna wucewa, har sawu ya ɗauke. Can wancan gefen direbanmu ya fara danna oda, don hadari ya haɗo kuma sauran hanyar laka ce. A bayana kuma wata motar da ta hayo tun ɗazu tana kiran fasinja: "Gaundare! Gaundare!" Taku goma kacal tsakanina da ita. Na lissafa a raina. In na koma, sai motar Lahadi. In iso Litinin, in iske wata a kujerata, in juyo da keken Inna har Mawashi, in zauna ina kalmasa. Na san haka sarai, amma wallahi jikina baya yake so.

Sai na ji an cire mini hannu daga bargon. Dada ce. Ta kwance ɗankwalin da ta yi ɗamara da shi, tana naɗe shi a hannu, zagaye bisa zagaye. Na gane abin da take yi.

"Dada, na ce miki na bar..."

"Ka yi shiru. Ka yi magana tun Yola, yanzu ni zan yi." Ta danna mini gammon a ka. "Malam, kama."

Ashe Malam Garba ya kai tsakiya ya dawo. Suka kama keken su biyu, suka ce in miƙe. Na miƙe don ba yadda zan yi, suka aza mini.

Nauyin yana sauka, wuyana ya miƙe da kansa. Bayana ya miƙe, ƙuguna ya nemo wurin zamansa. Ban umarce su ba, sun dai tuna. Kuma duk wadda ta taɓa ɗaukar tulu ta san abu ɗaya: mai kaya a ka ba ta isa ta sunkuya ba. Ko ina so in ga ruwan, babu hali. Sai muryar Inna ta faɗo mini, tana bina a baya daga rijiya ina 'yar ƙarama: "Daina kallon ƙafarki, Saude, ba ɓata za ta yi ba."

Malam Garba ya shiga gabana. "Ki kalli hular nan, inda na taka ki taka. Ko da yake ban sani ba ko Katsinawa na gane ja."

"Baba, ba lokacin wasa ba ne."

"Wa ke wasa? Ni tausayinku nake ji. Mutanen da in sun ga kwatami ya cika sai su kira mai kwalekwale."

Na ɗaga ƙafa. Tafin ƙafata ya lalubo katako ya zauna, ɗayan ya bi.

"An ce wani Bakatsine ya je Haɗeja ya ga kogi, ya tambaya wane mai kuɗi ne ya zubar da ruwansa haka."

"Ƙarya kake!"

"Wallahi an ce har ya cire hula ya gaishe shi."

"Ku da kuke kwana cikin ruwa kamar kwaɗi!"

"Yauwa, taho ki faɗa mini a kusa, ban ji ba."

Haka muka yi ta tafiya. Yana zagin garinmu, ina rama wa garinmu, Dada na bayana tana salati ƙasa-ƙasa, yatsunta biyu a bayan rigata. Gadar ba ta daina rawa ba, amma mai tulu ta saba da ruwa yana rawa a kanta, ƙugu ne ke karɓa. Da gefen ido na ga wani abu ja yana kaɗawa a dama, na san wurin da babu ƙarfe ne. Iska ta buso ta nan, mai sanyi, mai warin laka. Wani faifan ƙarfe ya lotsa ƙarƙashina ya yi ƙara. Na kafe hular nan da ido na ce, "Kuma tattasanka ma duk ƙwari ne, na gani."

"Subhanallahi! Baiwa tana kushe dukiyar gidansu!"

Ina cikin shirya masa wata amsar sai na ga hular ta tsaya. Ni ban tsaya ba, na raɓa shi na wuce, ina tafiya, wuya a miƙe.

"Bakatsiniya! Ina zuwa? Ko har Kusada za ki kai shi?"

Sai a lokacin na ji abin da ke ƙarƙashin ƙafata laka ce. Gadar tana can baya. Fasinjojin motarmu, waɗanda suka yi mini dariya ɗazu, suna tafa hannu, matar nan mai goyo tana guɗa. Na juya jikina gaba ɗaya, da keken a kaina, na dubi kogin ido da ido. Yana nan yana gudunsa.

Dada ta sauka a wani ƙauye kafin garin Gwaggo. Na miƙa mata ɗankwalinta ta taga, ta ture hannuna. "Riƙe. Kanka yana da amfani, ka daina jin kunyarsa."

Ana kiran magariba na shiga layin su Gwaggo, keke a ka, laka har gwiwa. Tana tsaye a ƙofar shago. A ciki ga ƙafar keke babu kai, ga wata yarinya zaune kusa da ita ta yi tagumi. Gwaggo ta dube ni, ta dubi abin da ke kaina.

"Saura kaɗan," ta ce. Sannan ta kama mini muka sauke. Ta kwance bargon, ta shafa baƙin ƙarfen, ta ambaci sunan Innata. "Na Binta ne wannan. Ɗaura shi mu ji muryarsa."

Na ɗaura, na zura zare, na taka. Bai tsallake ko ɗinki ɗaya ba.

Shekarata biyu ke nan a shagon. Ɗankwalin Dada shi nake rufe keken da shi in an tashi aiki. Da zan je gida Sallar bara, Gwaggo ta ce in bi babbar mota. Na ce a'a, tsohuwar hanya nake so. Gadar tana nan yadda na bar ta, sai dai an ƙara katakai, tsummokin kuma sun koɗe. An ce za a gina sabuwa, ana dai ta cewa. Na naɗa gammo na ɗora jakar tsarabata. Da na kai tsakiya na sauke ta, na dafa ƙarfe ta gefen da ke da ƙarfe, na leƙa ƙasa da kyau. Sannan na ciro waya na yi wa Malam Garba saƙon murya.

"Baba Bahaɗeje, ga ni bisa gadar nan. Har yau bai wuce ba."

Ashe yana riƙe da wayar. Nan take amsa ta shigo, da dariyarsa da tarinsa: "Ƙara haƙuri, Bakatsiniya, ki ɗan jira. An ce kafin la'asar."

Ban jira ba. Na gyara gammona, na ɗauki kayana, ni na wuce.